Farin Tabo a Dardumar Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyar Rabi, ƙanwar maigidana, ba, ko da kuwa mutanen Ɗan Gulbi sun yi mini alherin mantawa (ba su yi ba).

Abin ya faro ne daga ƙuraje. Ina budurwa a kolej fuskata sumul, sai da na haifi uku suka tuna da ni, suka cika mini goshi da haɓa. Na shafa toka, na shafa lemun tsami, a banza. Ana saura kwanaki suna na tafi wajen likita a nan Dakoro. Ta rubuta mini wani mai da ake kira jel, na karɓo a farmasi cikin 'yar roba irin ta man goge haƙori.

"Ki wanke fuska ki shafa, kamar ƙwayar wake, sau guda da maraice," in ji ta. Ta ƙara wata magana game da tufafi, amma ni lokacin hankalina yana kan matan da za su ƙare mini kallo ranar suna.

A hanya na yi nawa lissafin. Ta ce a wanke fuska a shafa. To, ni Musulma ce, sau biyar nake wanke fuska. Me zai hana in bi kowace alwala da shi, aiki ya yi sauri? (Har na yaba wa kaina da wannan basira.)

Na riga kowa isa Ɗan Gulbi, garin su maigidana, don in taya Inna, surukata, aiki. Inna tana da wata darduma shuɗiya mai laushi da marigayi Alhaji, mijinta, ya zo da ita daga Makka. A kanta ya yi salla har ya rasu, kuma ko 'ya'yanta ba ta bari su taka. Amma da ta ga ban zo da tawa ba, sai ta miƙo mini. "Amshi, ɗiyata." Na ji kaina ya yi girma. Kullum in yi alwala, in lafta jel, in yi salla, in naɗe darduma a ɗaki mai duhu. Fuskata tana zafi tana saɓa, ni kuma ina cewa magani ne yake aiki.

Ranar suna, bayan azahar, gida cike da mata, Gwaggo Hajo, yayar marigayin, ta ce a ba ta dardumar ƙanenta. Tana shimfiɗawa a tsakar gida ta saka salati. A daidai wurin sujada ga farin tabo fes: goshi, hanci, har da sawun yatsu a gefe.

"Ku taho ku gani! Hasken sujadar Alhaji ya hito!"

Mata suka yi ca. Inna ta durƙusa tana shafa wurin, hawaye na zuba. A nan ne maganar likita ta dawo mini tiryan-tiryan: man nan yana cin launin tufafi. Na fara ja da baya zuwa madafa, sai Gwaggo ta ɗago ta dube ni.

"Ke, tsaya! Mi nika gani ga hijabinki?"

Ashe bakin hijabina ruwan ƙasa ya yi fari zagaye da fuska. Kafin in yi magana an ce ni ma hasken ya kama ni. Wata ta riƙe hannuna tana shafawa a kanta, Rabi ta ɗora mini jaririya ta ce in tofa mata addu'a. Ga ni tsaye, fuska tana saɓa kamar ta ƙadangare, ana neman albarkata.

Na dubi Inna. In na yi shiru na bar ta da ƙarya a kan mamacinta, in na faɗa na ƙwace mata abin da ya sanyaya mata rai. Na durƙusa da jaririya a hannu.

"Inna, ki gafarce ni. Maganin ƙuraje ne."

Wadda ta shafa hannuna ta goge kanta da zane a hankali. Inna ta daɗe tana kallon tabon, sannan ta share hawaye.

"Ni ma dai na yi mamaki," ta ce. "Hancin Alhaji ya hi wannan tsawo."

Dariyar da aka yi, har maza a zaure suka aiko tambaya ko lafiya. Na ce zan nemo mata wata darduma, ta ƙi. Ta ce ta bar wannan ta zama shaida, duk wanda ya ce surukarta ba ta salla sai ta shimfiɗa masa.

Ƙurajen sun tafi daga baya, da na koma shafawa yadda aka ce. Sunan ne bai tafi ba: ina sauka daga mota a Ɗan Gulbi ake cewa ga Waliyyiya ta iso. Yanzu in likita na magana ina saurare har ta kai aya, kuma duk gidan da za ni, da farar dardumata nake tafiya.