Ɗakin Karatun Sinyo

Samun mai hangen nesa irin mataimakin manajan kamfanin sufurin nan, wanda abokai suka laƙaba wa Sinyo, wato "Malam" da Sifaniyanci, ai sai an tona. Shi ne ya gano cewa maganin talauci da jahilci, kai, har da ciwon baya, shi ne koyon Sifaniyanci.

A ofis, a layin shan mai, ko a wurin gaisuwar mutuwa, sai ya gyara tabarau ya soma: "Miliyoyin mutane ke magana da harshen nan. Wanda ya iya shi, aiki ne zai zo yana roƙonsa. Wanda bai iya ba kuwa, ni dai tausayi yake ba ni."

Fadarsa ita ce ɗakin karatunsa: kujera mai juyawa, taswira a bango, da ƙamus-ƙamus masu kauri da ko ledarsu ba a ɓare ba. Matarsa tela ce, a tsakar gida take fama da kekunan ɗinkinta cikin rana. Ta daɗe tana roƙon ɗakin nan, shi kuwa ya rantse sai dai bayan ransa. Maimakon ɗaki, sai ya kafa mata doka ta koyi Sifaniyanci, wai ba zai zauna da jahila ba.

Baiwar Allah ta ɗauki maganar da gaske. Tana taka keke, waya na karanta mata darasi, har bakinta ya faɗa. Gogan naku kuwa, shugabanci bai bar shi ya zauna koyo ba. Duk jarinsa kalma ɗaya ce, "si", wato "e".

Ranar da ya tara abokan aiki, har da manaja, a falo don su ga gidan wayayyu, sai ya umarci matar ta yi masa magana da harshen manya. Ta durƙusa cikin ladabi, ta zubo zance tiryan-tiryan. Ko kalma ɗaya bai gane ba, amma idon manaja na kansa. Ya shafa gemu, ya yi murmushin masana.

"Si," in ji shi. "Si, si."

Baƙi suka yi ta tafi.

Washegari ya dawo ya tarar da kafinta na ciro kantocin littattafai, kekunan ɗinki uku sun yi layi a ƙarƙashin taswira. Ya buɗe baki zai yi tsawa, sai matar ta tare shi a hankali.

"Maigida, ai jiya a gaban baƙi na roƙi ɗakin, ka amince har sau uku. Ko dai ba ka fahimci abin da na ce ba ne?"

Ya dubi kafinta, kafinta ya dube shi.

"Na fahimta mana," ya ce, ya sunkuci kujerarsa da kansa ya yi baranda.

Tun daga ranar, da ya ji ta gyara murya za ta yi Sifaniyanci, sai ya lalubi makullin motarsa ya riƙe gam.