Kaskona a Ƙarƙashin Motar Dakta

Ko zan manta da komai na zamana a Masar, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tayar da hayaƙi a taron mutanen da suka haɗu musamman don su rantse ba su da hayaƙi ba. Har yau idan abin ya faɗo mini sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ce a kicin.

Mijina, Abban Hanan, karatu ne ya kawo shi Alƙahira, ni kuma shi ya kawo ni. Muna zaune a Ainu Shams, can saman bene (duk wanda ya ce in rage ƙiba bai taɓa hawa benenmu da goyo da ledar tumatir ba). Kafin ya zama ɗalibi bakanike ne a Kano. Da ya ga abin da ake ba ɗalibai ba ya riƙe gida mai mata da 'ya, sai ya samu aikin yamma a garejin wani Bamisre mai suna Usta Ragab. Wannan aikin shi ne rufin asirinmu. Idan ya kuɓuce, ni da Hanan sai dai mu koma gida mu bar shi a nan. Mun taɓa yin wannan maganar sau ɗaya, babu wanda ya ci abinci a cikinmu ranar.

Garejin Usta ba irin wanda kuka sani ba ne. Ba a gyaran tasi, ba a gyaran mikrobas, ƙananan bas ɗin hayarsu. Motoci ake ƙerawa sababbi fil, amma da siffar na zamanin kakanni: dogon hanci, fitilu kamar idon kwaɗo, babu rufi. Sai a ciro inji daga wata tsohuwar mota a dasa a ciki, a shafe ta da fenti mai sheƙi. Masu hali ne ke saye, ba don zuwa kasuwa ba, don dai su fito ranar Juma'a da safe su yi zagaye a kalle su. Har ƙungiya gare su. Na tambayi Abban Hanan, wato mutum ya biya kuɗin sabuwar mota don a ce tsohuwa yake hawa? Ya ce e. Na ce to, Allah Ya ƙara mana lafiya.

Damuwarsu ɗaya ce, gwajin hayaƙi. Yadda ya yi mini bayani ina yankan albasa, idan an kai motar neman lasisi sai ma'aikata su ce ai bana aka ƙera ta, dole ta ci gwajin sababbin motoci. Ita kuwa cikinta na tsohuwa ne, tari take kamar wanda ya shekara yana shan shisha. Shi ne 'yan ƙungiyar suke so a yi doka a mayar da motocinsu kayan tarihi, a daina cusa musu na'ura a salansa. (Ni dai abin da na gane shi ne: wajen nuna wa abokai sabuwa ce dal, wajen gwaji kuma tsohuwa ce a ji tausayinta. Ina da wata goggo da take yin haka da shekarunta.)

Sai suka gayyato wani ɗan majalisa ya zo ya gani da idonsa. Ban riƙe sunansa ba, kowa Basha yake ce masa. Shugaban ƙungiyar, Dakta Wa'il, likitan haƙori ne, ya taɓa ganin hotona da Hanan na Sallah a wayar Abban Hanan. Ya ce lallai a zo da madam cikin wannan atamfar da ɗaurin ɗankwalin, a zaunar da ita a jar motarsa, Basha ya ga har baƙi 'yan yawon buɗe ido motocin suke jawowa ƙasar. Ni ce 'yar yawon buɗe idon. Ni da ko dalar Fir'auna ban taɓa zuwa gani ba, iyakata kasuwar kayan miya.

Tun da aka faɗa mini hankalina ya tashi. Hanan a lokacin ko rarrafe ba ta gama iyawa ba, ga kumatu, ga ido. Misrawa kuwa ba su iya ganin jariri su wuce ba, sai sun ja kumatu suna "asal, asal", wato zuma, kuma ba kowa ke tunawa ya ce masha Allah ba. Na kira Inna a Kano.

"Za ki kai mini jika tsakiyar idanun masu kuɗi haka tsirara?" in ji Inna. "Ina turaren da na ba ki? Ki haɗa da habbatus sauda. Kuma kada ki turara ta tun a gida, kafin ku isa ya bi iska. Dab da za ku shiga mutane za ki yi."

Abban Hanan ya ce Falaƙi da Nasi sun isa. Na yarda da shi har cikin zuciyata. Na kuma saka ɗan kaskona a ƙasan jakar famfas.

An yi taron a filin ajiye motoci na wani kulob a Madinat Nasr. Muna isa na fara lura da abubuwa, halina ne, ba na iya dainawa. Na ga maza cikin kwat suna tsaye ƙarƙashin wani ƙyalle mai hoton koren ganye, kowa da sigari a hannu. Na ga motocin a jere suna ƙyalli, amma ban ji ƙarar ko ɗaya ba. Jar motar Dakta kuwa a bayan babbar mota aka kawo ta, aka sauke, maza suka tura ta zuwa tsakiyar fili, har da mijina yana zufa.

Na ce, "Abban Hanan, me ya sa ba a tayar da ita ba?"

Ya ce, "Maman Hanan, don girman Allah yau ki rage lura. Ki zauna a ciki, ki yi murmushi, kada ki ce komai. Aikinki ke nan. Tamam?"

Na ce tamam, wato na ji na yarda.

Yana juya baya na lallaɓa wajen mai shayi da shisha da ke bakin filin, na roƙi garwashi. Ya zuba mini a kasko bai ko tambaye ni ba. Na zagaya bayan jar motar na tsuguna inda ba mai ganina, na barbaɗa turare kaɗan, na turara hular Hanan da zanen goyonta, ina karanto addu'o'ina. Komai yana tafiya daidai. Sai ga jiniya.

Basha ya iso da manyan baƙaƙen motoci, direbobinsa suka bar su a kunne saboda sanyin ciki kada ya gudu. Filin ya rikice. Na ji muryar Abban Hanan, "Yalla, yalla! Ina kika shiga?" Na miƙe a firgice, ga Hanan a hannu ɗaya, ƙullin turaren ya suɓuce daga ɗaya hannun ya zube gaba ɗaya a kan garwashin. Turaren da Inna ta ce ya kai ni shekara. Babu lokacin tunani. Na sa ƙafa na tura kaskon ƙarƙashin motar, na zagayo na shiga na zauna, na buɗe haƙora.

Larabcina na kasuwa ne, amma na gane yawancin jawabin Dakta, sauran Abban Hanan ya cike mini daga baya. Dakta ya dafa motar ya ce, "Ya Basha, ana zaluntarmu. Wannan motar numfashinta ya fi na jariri tsabta. Ga uwa, ga 'yarta, tun daga Afirka suka zo (kamar shi a wata nahiyar yake tsaye), suna zaune lafiya lau. Uwa za ta kawo 'yarta kusa da abin da ke hayaƙi?"

Ni na fara jin ƙamshin. Ƙamshin ɗakin Inna sak, a tsakiyar Madinat Nasr. Na ce a raina, ya Allah Ka sa iska ta juya. Iska ba ta juya ba. Wani siririn hayaƙi ya fara tasowa ta bayan motar, daidai wajen salansa. Na ƙara faɗaɗa murmushi, kamar murmushin zai iya rufe shi. Kafin Dakta ya ƙarasa jimlarsa siririn ya zama gajimare, fari tas, yana tuttuɗowa ta ƙarƙashin tayoyi. Wani mai ɗaukar hoto ya fara tari.

Basha ya cire tabarau ya ce, "Ya Dakta, a kunne take ko a kashe?"

Dakta ya ce, "A kashe take, ya Basha."

"To idan aka kunna ta fa?"

Sai wani ya ƙwalla ihun gobara. Abban Hanan ya yi tsalle ɗaya ya fizge Hanan daga cinyata ya yi nesa da ita (wannan kam Allah Ya saka masa). Ni kuma na miƙe tsaye a cikin motar ina ɗaga hannuwa, ina so in ce turare ne, amma duk Larabcin da na tara ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito daga bakina da Hausa shi ne, "Ku tsaya! Kaskona ne!" Babu wanda ya tsaya. Mai gadin kulob ya rugo da jar tukunyar kashe gobara ya buɗe ta a kaina. Daga ɗankwali har takalmi na koma fara fat, kamar an tsoma ni a buhun fulawa. Atamfar Sallata.

Ana cikin haka wani yaron Basha mai ƙoƙari ya ce wutar daga inji take, ya ruga ya ɗaga murfin gaba. Na ga Usta Ragab ya rufe ido.

Babu inji. Wayam. Sai wani tsumma, da ledar burodi da wake da wani ya ɓoye don karin kumallo. Ashe tsohon injin sun cire shi saboda yana zubar da baƙin mai duk inda aka ajiye ta, mai tsabtar da suka yi niyyar dasawa kuma bai iso ba. Shi ya sa aka turo ta. Shi ya sa aka ce in rage lura.

Usta ya durƙusa da ƙaton cikinsa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya jawo kaskon da bakin takalmi, ya ɗaga shi sama da tsumma yana ta hayaƙi. Ya ce, "Na waye wannan?"

Ban san me ya sa ya tambaya ba. A duk filin mutum nawa ne za su mallaki kaskon ƙasa mai zanen Kano? Na ɗaga yatsa a hankali, yadda nake yi a firamare idan Malam ya tambayi wanda bai share aji ba. Fari yana zuba daga girata. Na nemi ƙasa ta buɗe, kwalta ce, ba ta buɗe ba.

Basha ya fashe da dariya har yana riƙe kafaɗar yaronsa. Da ya samu numfashi ya ce wa Dakta, "Mabruk, na taya ka murna. Motarka ta ci gwaji, babu abin da za a auna. Maganarku kuma za mu kai ta kwamiti." Ya matso ya shinshina kaskon, ya kalle ni, ya wuce. Motocinsa suka tashi suka bule mu da baƙin hayaƙi gaba ɗayanmu. Na duba, ban ga kowa ya rugo da jar tukunya ba.

A mikrobas ɗin komawa Abban Hanan ya juya mini ƙeya yana kallon taga. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ba ta ma san me ya faru ba. Washegari da ya tafi gareji na sauko da akwati na fara ninke kayan Hanan, ina kuka ina cewa ni na jawo. Na riga na shirya yadda zan gaya wa Inna cewa turarenta ya dawo da mu gida.

Ya dawo ya tarar da akwatin a buɗe. Ya tsaya yana kallona, sai na ga gefen bakinsa yana motsi.

"Turaren nan," ya ce, "akwai saura?"

Na ce ya daina yi mini ba'a ina cikin baƙin ciki. Ya ce wallahi ba ba'a ba ce. Usta ya yi masa ihu tun daga bakin ƙofa, ya rantse ya kore shi, har Abban Hanan ya ɗauki jakarsa zai tafi. Sai ga direban Basha a garejin. Wai matar Basha ta ji ƙamshin a jikin kwat ɗin mijinta, ta ce ba za a zauna lafiya a gidan ba sai an nemo mata irinsa. Nan take Usta ya karɓe jakar daga hannun mijina, ya sa aka kawo masa shayi, ya koma kiransa "ɗana". Ƙungiyar da ta daɗe tana neman hanyar shiga gidan Basha ba ta samu ba, ga hanya ta buɗe ta ƙarƙashin mota. Sharaɗi ɗaya Usta ya gindaya: madam ta aiko da turare, amma ita kanta kada ta ƙara bin ko titin garejin.

Na kira Inna in roƙe ta ta aiko da wani turaren tunda wancan ya ƙone ƙurmus, na kwashe komai na faɗa mata, har da fulawar. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ita yarinyar ta yi ko atishawa?" Na ce a'a. Ta ce, "To me kike so kuma? Turare ya yi aikinsa."

Dokar tana kwamiti har yanzu. An mayar wa jar motar tsohon injinta, Abban Hanan ne ma ya ɗaura shi, ya dawo gida yana warin da sai da na turara shi kafin ya taɓa Hanan. Dakta yana nan yana zagayensa na Juma'a, mutanen bayansa suna toshe hanci.

Ni kuwa na koyi darasina. Yanzu a gida nake turara 'yata, ko zai bi iska ya bi. Kuma na gane cewa a garin nan kowa yana da izinin yin hayaƙinsa, babba da ƙarami, sai dai wadda ta zo da nata a kasko.