Kwat ɗin Oga Na-Gani

Idan ana lissafa masu ido a duniya, a fara da Oga Na-Gani, a tsaya a huta, sannan a kawo sauran. Shi ne shugaban sashen duba inganci a kamfanin da ke yin bokitan roba, kuma tun da ya hau kujerar babu bokitin da ya fita ƙofa bai sha harara ba. Yakan ɗaga bokiti sama, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Na gani!" Abin da ya gani kuwa, daga shi sai Mahaliccinsa. Ma'aikata suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya ɗauka lambar girma ce. Mutum ne da ya taɓa mayar da madubi kanti saboda bai nuna shi daidai ba.

Ana nan sai aka sanar cewa mai kamfani zai kawo ziyara, kuma a ranar zai zaɓi mataimakin manaja. Oga bai yi mamaki ba. Ya san kujerar tasa ce, kwat ɗin da zai hau ta da shi ne kawai babu. Ya nufi kantin yadi, ya sa aka sauke rabin kanta, ya shinshina wannan, ya ja wancan, ya zaɓi wani yadin lilin ruwan toka mafi tsada. Kafin ya fita sai da ya yi wa mai kanti lacca a kan yadi, kyauta.

A gida ya shimfiɗa shi a teburin cin abinci, ya kira matarsa ta zo ta ga aikin ido. Ta shafa, ta yaba, sannan ta ɗora yatsa a gefe.

"Baban yara, nan kamar zare ya zare."

Oga ya sunkuya ya duba. Zare kam ya zare, ɗan siriri, can bakin yadin. Amma ba zaren ne ya soki Oga ba, wadda ta riga shi gani ce.

"Tun a kanti na gani," in ji shi. "Gwada ki nake yi."

Ta ce to a mayar a canzo, ko a bar wa tela ya tura wurin cikin kalmasa, ba mai sani. Oga ya miƙe tsaye, ya riƙe bayan kujera kamar mai jawabi ga dubban jama'a.

"In mayar? Don a ce an cuci shugaban sashen inganci? In ɓoye? Ni ba na ɓoye aibi, hajiya. Aibi ne ke ɓoye mini."

Ya ɗauko gilashinsa na ƙara girman abu, da alli, da almakashinta na ɗinki. Tunda ta ga ɗaya, dole shi ya ga goma. Allah kuwa ya ba shi sa'a: yadin cike yake da 'yan ƙulle-ƙullen zare, nan ɗaya, can biyu. "Na gani!" Ya zagaye da alli. "Na gani!" Ya sa almakashi. Yana yanka yana rausaya kai, har da ɗan fito. Matar ta ja kujera ta zauna, ta ce wannan kallo bai kamata a yi shi a tsaye ba.

Washegari ya kai wa tela. Tela ya ɗaga yadin, ya hango Oga ta cikin huda, ya gaishe shi ta nan. Ya ce wando dai ya tafi, amma a lallaɓa a fitar da kwat.

"Wando na kowa ne," in ji Oga. "Manya daga ƙugu zuwa sama ake kallonsu."

Sai dai ido irin nasa ba ya hutu. Ya dawo duba aiki, ya tarar da ƙulli a inda hannun dama zai fito. Hannu ya tafi. Na hagu ya bi shi, don adalci. Kwat ya zama falmaran, Oga ya ce dama ita ce shigar masu ilimi. Da ya sake dawowa ya gano wani a baya, wani a ƙirji, tela ya ajiye tef ɗin awo ya tambaya cikin ladabi ko ranka ya daɗe yana sha'awar hankici.

Hankici kuwa ya fito, ba ƙulli ko ɗaya. Ranar ziyara Oga ya sa tsohon kwat ɗinsa da ya ƙi haɗuwa da maɓalli, ya soka hankicin a aljihun ƙirji, ya baza shi kamar tuta. Ya tara ma'aikata a bakin ƙofa.

"Ku kalli nan. Wannan shi ne abin da ya rage bayan gaskiya ta yi aikinta. Jahili zai sa yadin duka. Masani yakan tace."

Mota ta tsaya. Mai kamfani ya fito cikin kwat da wando na lilin ruwan toka, ƙulle-ƙullen zare tun daga kafaɗa har idon sawu, kowanne na zaune lafiya inda masaƙa ta sa shi don ado. Ma'aikata suka kalli baƙo, suka kalli aljihun Oga, kowa ya shiga neman abin da ya yar a ƙasa.

Oga ya yi gaba da sauri, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, wannan yadi! Sai mai ido!"

Mai kamfani ya yi murmushi, ya kai hannu ya ɗan taɓa hankicin, ya haɗa shi da hannun kwat ɗinsa. Launi ɗaya.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe kai ne telana yake ba ragowar ƙyallena?"