Karkashi a Madadin Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kafa ƙungiyar ƙwallon gora a makarantarmu ba, ko da yake kalmar "kafawa" wataƙila ta yi wa abin da ya faru girma.

Ina gama jami'a aka ɗauke ni koyarwa a wata sakandare ta wajen Maiyama, aka haɗa mini da kula da wasanni (ba don na iya ba, don ni kaɗai ne ban iya cewa a'a ba). Bayan azuzuwa akwai filin da yara ke guje-guje. Kwamitin iyaye ya ce tunda babu ƙungiyar da ke amfani da shi, gara a kafa rumbunan albasa a wurin. Aka ce in zo taronsu in kare filin, in ina da abin cewa.

A lokacin na nutse cikin karanta tarihin wata ƙungiyar ƙwararru masu buga ƙwallon gora a kan ƙanƙara, can ƙasashen sanyi. In dai na fahimci abin daidai, samarin unguwa ne suka fara ta da sanduna a kan tafkin da ya daskare, har ta zama abin alfaharin garinsu. Na ce to, ga hujjata.

Sai fargaba ta kama ni. Yaya zan bayyana sulɓin filin ƙanƙara ga dattawan da ƙanƙarar da suka sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo? Na ga gara in nuna musu da ido. Na aro tamfol ɗin shanyar shinkafa, na sayo karkashi a kasuwar Jega, na jiƙa bokiti guda, na shafe tamfol ɗin kaf. (Na gwada sulɓin da tafin hannu. Da ƙafa kam, ban gwada ba.)

Ranar taro na sa babbar riga don girmama manya. Shugaban kwamitin, Alhaji Bawa, dillalin albasa daga Aliero, ya saurari tarihin har ƙarshe, sannan ya nuna tamfol da carbinsa.

"Malam, wagga miya da ka zuba ƙasa, ta mi ce?"

"Ranka ya daɗe, ita ce ƙanƙarar. Wato, kusan ita ce."

"To, tuwon na nan tahe ko?"

Aka yi dariya. Na ajiye kwanduna biyu a matsayin raga, na sa goruba a tsakiya a madadin ƙwallo, na riƙe lanƙwasasshiyar sanda, na yi bismillah, na taka.

Jama'a, na tafi. Ƙafafuna suka yi gaba ba tare da shawarata ba, riga ta buɗe kamar laima. A tsakiyar tamfol na tuna cewa duk karatun da na yi, ban ga inda aka bayyana yadda ake tsayawa ba. Na kai sanda ƙasa don in tokare, sai ta maki gorubar. Ni kuma na wuce a zaune har ƙarƙashin teburin manyan baƙi, na rungume ƙafar Alhaji Bawa, yauƙi na ɗiga daga hulata.

Alhaji ya leƙo ƙarƙashin teburin, hawayen dariya a idonsa.

"Tashi, Malam. Ka ci."

Ashe gorubar ta ratsa tsakanin kwandunan. Ɗaliban da suka taru kallo suka ɓarke da ihu da tafi.

"Wanda ya yi wanka da miya gabanmu don hilin yara," in ji Alhaji, "ba mu ƙwace mai shi. A kai albasa wani wuri. Amma don Allah, a busasshiyar ƙasa za ku yi."

A busasshiyar ƙasa muke yi har yau, kuma yaranmu sun doke na makarantar garin Gehuru a wasan sada zumunci. Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne kafin mutum ya nuna wa jama'a yadda ake tafiya, ya fara tambayar yadda ake tsayawa.