Yadda Za Ka Guntule Wutsiyar Ƙwayar Cuta, Digirinka Ya Bi Ruwa

Ɗan'uwa ɗalibi, in kana so wahalar shekara uku ta tashi a banza, ka zo wurin gwani. Ni Dosu na gwada dabarar nan a ɗakin bincikenmu na Kwatano, kuma wallahi tana ci.

1. Karɓi aikin da fara'a

Farfesa Hunkpatin zai ba ka ƙwayoyin cuta iri biyu: masu wutsiyar iyo, da marasa ita. Ka sake su cikin siririn bututun gilashi, ruwa na gudu, ka ƙirga waɗanda suka fi maƙale wa bango. Digirinka kaf a kan wutsiyar nan ya rataya.

2. Girgiza kwalbar

Wutsiyar ba ta da ƙwari, jijjiga kaɗan ta karye. Ina ruwanka? Kafin kowane gwaji, girgiza kwalbar da suke ciki kamar maganin tari. Ai aiki sai da ƙarfi.

3. Toshe kunnenka

Senami, wadda ta shekara goma a ɗakin, za ta ce, "Dosu, a hankali mana! Kunu kake damawa?"

Ka ce, "Haba Yaya, so nake su gauraya."

Mai neman suna ba ya jin shawara.

4. Rubuta abin mamaki

Za ka ga iri biyun duk ɗaya, ruwa na kwashe su tare. Kada ka yi zargin hannunka. Cika shafi ɗari biyu cewa wutsiya ado ce kawai. Farfesa yana yawon taro, ba zai leƙo ba.

5. Tara dangi

Ranar kare aikin, a ɗinko anko, a zo da akasa, agidinmu na masara, da soyayyen kifi. In Farfesa ya ce, "Ɗiga mana masu wutsiyar mu ga iyonsu," ka girgiza kwalbar a gabansa, da hannu biyu.

Zai daɗe yana leƙen madubin ganin ƙwayoyin cuta. Sannan ya ɗago.

"Ɗana, kullum haka kake musu?"

"Kullum, ranka ya daɗe!"

"Shekara uku kana gwada guntu da guntu."

Daga bayan ɗaki Mama za ta ce, "Farfesa, yi haƙuri. Tun yana yaro in an aike shi sayen ƙwai, kaɗaɗɗe yake kawowa."

Nan za ka so ƙasa ta tsage. Ni dai na yi kuka.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi wannan, shi ya jiyo, babu hannuna. Hannun nawa ma Senami ta hana shi taɓa kwalba, ga shi mun koma shekarar farko.