Yadda Muka Tarar da Kaji a Shafin Hukuma

Jama'a, ranar Talatar nan wani jami'i ya dubi tsabar idona ta tagar ofis, ni da na shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo, ya ce min agogona ba daidai yake ba. Ban zage shi ba. Ina so a rubuta min wannan cikin ayyukan alheri.

Bari in faro muku daga tushe. Hukumar da ke kula da shagunan kasuwarmu ta wayi gari da sabon tsari: kowane mai shago ya sake rajista ta intanet kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis, wanda bai yi ba a garƙame masa shago. An yi bikin ƙaddamar da shafin da rumfuna da makaɗa, aka raba kalanda mai hoton Mai Girma Babban Darakta yana danna kwamfutar da ba a kunna ba. Allah ya ƙara wa Mai Girma basira, ba kowa ke iya aiki da kwamfuta a kashe ba.

To, ni dai duk lokacin da na buɗe shafin, sai wayata ta watso min jan rubutu, wai wannan haɗin ba amintacce ba ne, wasu na iya kwashe bayanaina a hanya. Shafin kuwa lambar katin shaida yake nema, da hoton fuska, da sunan mahaifiya. Shi ne na rufe shago, na bi layin awa uku, na miƙa wa jami'in wayar.

"Baba, agogon wayarka ne ya ɓata," in ji shi, ko kallon wayar bai yi ba.

Na ɗaga hannun riga na nuna masa agogo uku da nake gwadawa na masu gyara. Duka huɗun, har na wayar, bakinsu ɗaya.

"To matsalar sabis ce. Na baya!"

Da na dawo kasuwa, maƙwabcina Mai Zif, wanda ke sayar da zif da maɓallan riga a shagon da ke jikin nawa, ya yi min dariya. "Kai ma da tsoro! Danna ci gaba kawai." Shi tsohuwar wayarsa ta bar shi ya wuce, ya zuba musu komai har sunan mahaifiya, sai wani ɗan zobe ya kama juyawa a allon. Tun ranar Lahadi yake juyawa. Tawa wayar kuwa ko maɓallin ci gaban ba ta ba ni ba. Ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a allo in shafi amintacce ne, wanda suka kasa sa wa shafinsu, shi za su zo su sa wa shagona, da agogon mutane arba'in da 'yan kai a ciki.

Ranar Laraba da azahar na kira ƙanwata, autarmu. Injiniya muke ce mata tun tana ƙarama tana kwance rediyon mahaifinmu. Yanzu 'ya'yanta huɗu, kuma kamfanoni ke nemanta idan kwamfutocinsu suka daina magana da juna. Ta zo da kwamfutarta, ta ture min ƙananan sukurori gefe, ta zauna a kan bencin masu jiran gyara.

Na ɗauka shafin za ta buɗe. Sai na ga ta buɗe wani baƙin allo, babu hoto, babu kala, ta rubuta layi ɗaya, sunan shafin da lamba 443 a ƙarshe.

"Wannan lambar fa?"

"Ƙofar sirri ce, Yaya. Babbar kwamfutar da shafin ke zaune a cikinta, wadda muke kira saba, ƙofofinta da yawa. Ta wannan ake shiga in ana so a yi maganar da na hanya ba zai ji ba. Amma kafin a fara sai an gaisa, ita sabar ta miƙo satifiket mai nuna ko ita wace ce. Wayarka gaisawa take yi, ta duba takardar, ta gudu ba ta gaya maka dalili ba. Ni a nan zan ga takardar da idona."

Ta danna. Rubutu ya zubo kamar an kwance buhun gero. Ta bi shi da yatsa a hankali, ta tsaya, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Yaya, hukumar nan tana kiwon kaji ne?"

"Kaji kuma?"

"Sunan da ke kan satifiket ɗin ba nasu ba ne. Na wani shagon sayar da 'yan tsaki da abincin kaji ne."

Mai Zif, da ya leƙo da kansa ta ƙofa, ya dafe ƙirji. "Wato sunan mahaifiyata na ba masu kaji?"

"Tsaya, ba mu gama ba," in ji Injiniya. Ta ƙara 'yan kalmomi a layin don ta ga kwanan wata. Satifiket ɗin ya mutu kwana tara kafin ranar da aka kafa rumfuna. Wato ranar da makaɗa ke kaɗa wa Mai Girma, gawa ake wa biki.

Ta sake ƙara wata kalma, wai tana so ta ga wanda ya sa hannu. Ta ce a ƙa'ida akwai amintattun masu ba da shaida, wannan ya tsaya wa wancan, har a kai ga wanda duk wayoyin duniya suka yarda da shi. Da amsa ta fito sai ta kama dariya har da riƙe ciki.

"Wanda aka ba takarda: mai kaji. Wanda ya ba da takarda: mai kaji. Shi ya shaidi kansa."

Nan kam na ce a raina, ai wannan kwamfutar ta ƙware a aikin gwamnati. A ba ta ofis da mota.

Injiniya ta ce ga dukkan alamu ɗan kwangilar da ya haɗa shafin yana da gonar kaji, ya ari takardar gwajin shagonsa ya liƙa don a samu a yanke ƙyalle, ya tafi abinsa. Ta juyo ta dubi Mai Zif da gaske. "Ba na ce an sace bayananka ba. Amma da wannan takardar, babu yadda wayarka za ta bambance hukumar da ɓarawon da ya tsaya a tsakani." Ranar Mai Zif ko zif ɗaya bai ƙara sayarwa ba.

Alhamis da safe muka tafi ofishin mu uku, da bayanin satifiket ɗin da ta buga a takarda. Layi ya kai bakin titi. Injiniya ta iya tafiyar nan ta wanda aka aiko daga sama, jaka a kafaɗa, ido a gaba, don haka masu gadi suka buɗe mana har ofishin Mai Girma Mataimakin Darakta. Mutum ne mai ƙiba da waya uku a kan tebur.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "satifiket ɗin shafinku ya mutu, kuma ma ba naku ba ne."

Ya karɓi takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Wa ya ba ki izinin kutsawa cikin sabarmu? Kin san wannan laifi ne?"

"Ban kutsa ba, ranka ya daɗe. Sallama na yi, ita ta miƙo min. Duk wanda ya buɗe shafin wannan takardar ake miƙa masa. Kamar karanta allon da ke ƙofar ofishinku ne."

"Wannan aikin shugaban sashen kwamfuta ne."

"A kira shi mana."

"Yana taron bita na mako biyu a otal."

"Bitar me?" Ni na tambaya.

"Tsaron intanet."

Mai Zif ya yi wani tari da na san ba tari ba ne.

Mai Girma Mataimaki ya gyara zama, ya ce ai hukuma ba barci take ba, har ta ɗauki mataki. Ya nuna mana sanarwar da za a manna a ƙofa: duk wanda wayarsa ta gargaɗe shi, ya yi watsi da gargaɗin. Na jinjina kai. Da a ce haka likitoci ke aiki, da tuni an kawar da zazzaɓi ta hanyar fasa ma'aunin zafi.

Ana cikin haka ɗaya daga cikin wayoyin nan uku ta yi ƙara. Da ya ga sunan sai ya miƙe tsaye. "Na'am, ranki ya daɗe. A'a, ranki ya daɗe. Yanzu-yanzu, ranki ya daɗe." Sakatariyarsa, wata dattijuwa da ke saƙa a kusurwa, ta raɗa mana cewa uwargidan Babban Darakta ce. Shagunanta shida a kasuwar, kuma ko ɗaya bai shiga rajista ba.

Ya ajiye waya, ya share gumi, ya dubi ƙanwata da sabuwar fuska. "Hajiya Injiniya, ina ce za ki iya taimaka wa al'umma?"

"In ka rubuta ka sa hannu cewa kai ka ce in taɓa."

Ya rubuta, ya sa hannu. Saura kalmar sirrin shiga sabar. Aka duba aljihun tebur, aka kira waya biyu, babu. Dattijuwar ta ajiye saƙarta, ta ɗaga tiren shayi, ta ɓalle wata takarda da ke manne a ƙasansa. Ta ce shekararta ashirin da shida a ofishin, duk abin da manya suka ce kada a mance, nan take ajiye shi.

Aka kai mu ɗakin sabar, tsakanin karyayyun kujeru da ragowar kalandu. Injiniya ta shiga, ta duba, sai ta yi salati. Satifiket na gaskiya, mai sunan hukumar, mai sa hannun amintattu, yana nan kwance a wata jaka cikin kwamfutar tun kafin biki. Babu dai wanda ya gaya wa sabar ta yi amfani da shi. Ta goge layi biyu, ta rubuta layi biyu, ta sake tayar da ita. Sannan ta koma baƙin allonta ta sake sallama a ƙofa 443.

"Yaya, zo ka karanta layin ƙarshe."

"Sifili na gani."

"Sifili na nufin babu kuskure."

Tun da nake shiga ofisoshi, ranar na fara ganin sifilin da ya zama abin murna. Na ciro wayata a wurin, jan rubutu ya ɓace, ɗan kwaɗo ya fito. Kafin ƙarfe ɗaya na gama rajista. Zoben Mai Zif ma ya daina juyawa, sai dai an ce ya sake cikewa daga farko. Daga waje muka ji layi ya ɗauki sowa.

Washegari da safe na ji a rediyo cewa ƙwararrun hukumar, bisa jagorancin Mai Girma Babban Darakta, sun murƙushe wani mummunan hari da 'yan kutse na ƙasashen waje suka kai wa shafin. An kuma kafa kwamiti mai mutum goma sha biyar da zai je ƙetare ya gano yadda aka yi nasarar. Na kira Injiniya in ji ko ranta ya ɓaci. Ta ce a'a, ita dai ta samu ƙarin girma, jiya 'yar kutse ce ta cikin gida, yau ta zama ta ƙasa da ƙasa.

Abu ɗaya kawai nake so 'yan uwana masu shaguna su sani. Kafin mu fito, ta gaya wa Mai Girma Mataimaki cewa sabon satifiket ɗin ma yana da wa'adi, saura wata biyar, ta faɗa masa ranar, ta ce a rubuta a wurin da ba za a mance ba. Ya ce wannan magana ce mai muhimmanci, ba zai bar wa kowa ba. Ya zaro biro ya rubuta a tafin hannunsa.

Muna bakin ƙofa aka shigo masa da abincin rana. Mai Girma kuwa mutum ne mai tsafta, ya wanke hannu har da sabulu.