Ranar da Alhaji Gidaɗo Ya Kara da Tukunya

A duk ƙasar Makarfi, daga Dandamisa har Nasarawan Doya, babu wanda ya ƙaunaci dimokuraɗiyya kamar Alhaji Gidaɗo Mai Rake. Tun da Turawa suka naɗe tutarsu kalmar ba ta bar bakinsa ba, ko da yake sai ya huta a tsakiya kafin ya kai ƙarshenta. Raken fadama nasa ne, injinan matse shi nasa ne, lori ɗaya tilo da ke kai mazarƙwaila Zariya tasa ce. Maroƙa suna kiransa Inuwar Talakawa, kuma ba su yi ƙarya ba, don babu inda talaka zai tsaya a garin bai taka filinsa ba.

Da zaɓen majalisa ya matso, Alhaji ya hau bayan lori ya ɗaga murya. "Jama'a, zamanin 'yanci ne! Duk wanda ya ga dama ya fito ya kara da ni. Wallahi farin ciki zan yi!"

Sama'ila tela ya ɗauka da gaske, ya fito. Saboda tsabar farin ciki Alhaji ya taka har shagonsa, ya tambayi iyali, ya yaba rufin ɗakin, ya tuna a fili cewa shi ya ba da aron wurin. Washegari Sama'ila ya gano ashe ɗinki ya yi masa yawa. Haliru, wani manomi daga Dandamisa, shi ma ya sami ziyara, aka yi masa hira kan yadda rake ke bushewa in inji ya ƙi karɓarsa. Ya janye, har da godiya.

Sai ga jami'in zaɓe ya zo da albishir. "Barka, ranka ya daɗe. Ka ci ba hamayya, ba sai an jefa ƙuri'a ba."

Alhaji ya yi sororo. Ya riga ya ɗinka babbar riga, ya kira makaɗa, har ya gwada a madubi irin fuskar da zai yi in aka sanar da duniya yawan masoyansa. Wannan ai zalunci ne!

Don haka ya shirya nasa zaɓen a ƙofar gida. Aka kafa zana, aka aro tukwane biyu wurin yayarsa Hajo, ɗaya tasa, ɗaya ta abokin hamayyar da babu, wato tukunyar "ba kowa". "Kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa," in ji shi, "kamar yadda ake yi a Ingila. Ba mai ganinku sai Allah."

Jama'a suka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito sai ya rusuna ya ce, "Allah ya ja zamanin Alhaji."

Da la'asar aka ɗauke zana. Tukunyar Alhaji da hannu ɗaya aka ɗaga ta, tana ɗan ƙaras-ƙaras. Tukunyar "ba kowa" kuwa sai da ƙarti biyu suka kama. Makaɗa suka sauke ganguna a hankali.

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Dama na daɗe ina zargi. Mutanen nan ba su waye ba tukuna. Dole in je Kaduna in riƙe musu kujerar har su waye."

Ya tafi kuwa, ba a ƙara ganinsa ba sai da sallah. Hajo ta zubar da tsakuwa, ta girke tukunyar da ta yi nasara a zaurenta. Wanda rijiyar unguwarsu ta rufta ko shanu suka ci masa gona sai ya zo ya durƙusa ya faɗi kukansa a ciki. Mutane sun ce sun gamsu da wakilcinta: kullum tana gari, kuma in ka yi magana a bakinta tana amsawa.